NOMA BA ƘASA A CIKIN RUMFAR LEDA: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani Kafin Ya Sa Hannu

A 'yan shekarun nan labarin wata hanyar noma ya bazu ko'ina cikin ƙasar nan. Ana jinsa a rediyo, ana kuma ganin hotunansa a wayar hannu: tumatir ya hau igiya ya fi tsawon mutum, ya yi 'ya'ya jingim, alhali saiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Kamfanoni da dama sun fito suna cewa za su gina wa manomi irin wannan rumfa, su kawo iri da taki, su koya masa aikin, wasu har da alkawarin sayen amfanin. Manomin Ashige, a ƙaramar hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, wanda ya gaji noman doya da rogo da riɗi da agushi, yana da hakkin ya tambaya ko maganar gaskiya ce, kuma ko ta shafe shi. Gaskiya ce, kuma ta shafe shi, amma ba ta fuskar da masu talla suka fi nunawa ba. Abin da za a faɗa game da Ashige ya hau kan yawancin garuruwan da ke samun ruwan sama mai yawa da zafi mai tsanani.

Yadda shuka ke rayuwa ba ƙasa

Shuka ba ƙasa take ci ba. Abin da ƙasa ke yi mata shi ne ta riƙe saiwa, ta ajiye ruwa da iska, ta kuma ba ta sinadaran abinci da suka narke cikin ruwan. Masana sun ƙirga sinadarai 17 waɗanda shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku tana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 kuwa saiwa ke tsotso su. Uku daga cikin waɗannan kowane manomi ya san su, domin su ne haruffan NPK da ke jikin buhun takin zamani. To, idan aka narkar da sinadaran nan duka cikin ruwa bisa ma'auni, aka kuma sama wa saiwa abin da za ta kama, shuka za ta girma ta yi 'ya'ya ko da ba ƙwayar ƙasa ɗaya.

Ilmin ba sabo ba ne. Tun wajen shekarar 1860 wasu masanan Jamus biyu, Sachs da Knop, suka raya tsirrai cikin ruwan taki zalla. A 1929 wani malamin Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, William Gericke, ya fara yayata cewa za a iya yin noman sayarwa ta wannan hanya, kuma a 1937 ya fito da sunan da Turawa ke kiranta da shi har yau, watau haidurofonik. Amma akwai abin da ba a cika ambata ba. A 1938 wasu masana biyu na wannan jami'a, Hoagland da Arnon, sun gwada hanyoyin biyu, suka ga cewa shukar da ke cikin ƙasa mai kyau, wadda aka kula da ita sosai, ba ta kasa ta cikin ruwa ba. Ashe ke nan amfanin noma ba ƙasa yana bayyana ne a inda ƙasa ta gaza: ko babu ita, ko ta kamu da cuta, ko yanayi ya hana. Shi ya sa a 1945 sojojin Amurka suka yi amfani da shi a tsibirin Asanshon, wani dutse a tsakiyar Tekun Atlantika, domin su sami ɗanyen ganye.

Hanyoyin suna da yawa. Akwai wadda saiwa ke kwance cikin bututu, ruwan taki yana gudana a ƙarƙashinta ba tsayawa; wannan ta dace da latas, amma idan injin ya tsaya na 'yan sa'o'i da rana tsaka, shuka ta yi yaushi ke nan. Akwai wadda saiwa ke rataye a iska cikin akwati mai duhu, ana fesa mata ruwan taki lokaci-lokaci. Wadda ta fi sauƙi, ta kuma fi jure wa halinmu na rashin wutar lantarki, ita ce ta buhu: a cika buhun leda ko bokiti da abin da ba shi da abinci kuma ba shi da cuta, a dasa shuka, a ja mata siririn tiyo mai ɗigo da ruwan taki daga tanki. Abin cika buhun yakan zama niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka bai zama toka ba, ko rairayin kogi da aka wanke. A nan mutanen Lafiya sun yi sa'a, gama injinan casar shinkafa na garin suna tara ɓuntu tsibi-tsibi, abin da manomin wata jiha sai ya biya kuɗin mota kafin ya samu.

Me ya kai manomin da ke da fili ga wannan?

Tambaya ce mai ma'ana, domin Ashige ba ta rasa ƙasar noma ba. Amsar tana ga tumatir da tattasai. Yawancin tumatirin ƙasar nan da rani ake nomansa, a wuraren ban-ruwa irin su Kadawa a Jihar Kano da fadamun Kaduna da Katsina da Jigawa. Daga Janairu zuwa Maris kasuwa takan cika har kwando ya yi arha, wani ya ruɓe a hanya. Da damina ta sauka sai ya yi wuya, farashi ya ninka. A yankin Lafiya, inda ruwa ke zuba daga Afrilu zuwa Oktoba, tumatirin damina a fili yana shan wahala: ruwa ya kaɗe fure, danshi ya kawo ciwon ganye, a cikin ƙasa kuma akwai ƙwayar cutar yaushi wadda ke kashe shuka tana tsaye kore shar, da ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Cutar yaushin nan ba ta jin feshi, kuma takan zauna a gona shekaru. Rufin leda yana tare ruwan sama, buhu yana raba saiwa da ƙasa mai cuta, raga kuma tana tare ƙwari.

Maganar ƙwari ba wasa ba ce. A 2016 tsutsar nan mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Arewa har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa kuma ta dakatar da aiki don rashin abin sarrafawa. Tsutsar ba ta bar ƙasar nan ba. Rumfa mai raga tana rage ɓarnarta ƙwarai, haka ma farin ƙuda mai yaɗa ciwon nannaɗewar ganye, amma da sharaɗi: ƙofa ta zama biyu, a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu, a kuma ɗinke duk wata huda ran da aka gan ta. Ƙwaron da ya sami shiga rumfa ya fi na waje jin daɗi, domin ba ruwan sama da zai dame shi, ba kuma abokan gabansa.

Bari mu yi lissafi. Rumfar da aka fi sayarwa a Nijeriya tana da faɗin mita 8 da tsawon mita 24, watau murabba'in mita 192, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 50 na hekta ba. Tana ɗaukar tushen tumatir wajen 500. Babban tushe a ranar zafi yakan sha lita 2, wani lokaci fiye. Ke nan ana bukatar lita 1,000 a kowace rana, watau duro 5 ko jarka 40, ran kasuwa da ran salla da ran rashin lafiya duka. Mu ƙaddara kowane tushe ya ba da kilo 5 a tsawon zamansa: an sami kilo 2,500. Sai manomi ya ɗauki farashin da yake da tabbacin samu, ba wanda ya ji a labari ba, ya buga, ya cire kuɗin iri da taki da man inji da ladan ma'aikaci da na mota, ya kuma ware wani abu domin sabuwar leda, gama rana takan cinye leda cikin shekara uku zuwa huɗu. Abin da ya rage shi zai biya kuɗin ginin. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai gane da kansa cewa ba a sa masara ko dawa ko doyar ci a rumfa. Wurin kaɗan ne, mai tsada ne, sai amfanin gona mai tsada: tumatir a lokacin ƙarancinsa, tattasai mai launi, kokwamba, da dashe.

Zafi da ruwa

Abin da ya fi kashe rumfuna a ƙasarmu shi ne an kwaikwayo su daga ƙasashen sanyi. A Holan ana gina gidan gilashi ne domin a tara zafi. Mu kuwa zafin ne abokin gaba. A watan Maris zafin Lafiya yakan wuce digiri 35 a inuwa, cikin rufaffiyar leda kuwa ya fi haka nesa. Tumatir idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furensa yakan zube ba tare da ya ƙulla ba; sai a ga shuka ta yi ganye lif, ba ɗa. Saboda haka rumfar da ta dace da mu doguwa ce, gefenta ya kai mita 4, bangonta duka raga, leda a rufi kaɗai, da kafa a ƙololuwa inda iska mai zafi za ta fita. Ragar ma sai an lura: mai ƙananan idanu ta fi tare ƙwari, amma ta fi hana iska, don haka sai a ƙara faɗin wurin shigar iskar. Ginshiƙai su zama ƙarfe da aka kafa cikin siminti. Katako abincin gara ne, kuma guguwar farkon damina ba ta raga wa rumfar da aka kafa da ganganci.

Akwai wani ƙulli a nan. Mai son ya sayar daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta dole ya zuba iri a Maris, ya dasa a Afrilu, watau ya reni dashe a tsakiyar bazara. Wannan yana bukatar ragar inuwa da irin da ke jure zafi. Har ila yau, tun da raga ta hana iska mai ƙarfi da ƙudan zuma shiga, sai manomi ya riƙa girgiza igiyoyin tumatir da hantsi domin fure ya ƙulla. Ƙaramin aiki ne, amma mantawa da shi yana rage kwanduna.

Ruwa kuwa ba yawansa kaɗai ake dubawa ba. Kudancin Jihar Nasarawa yana da gishiri a ƙarƙashin ƙasa. Keana da Awe sun shahara da dafa gishiri tun zamanin kakanni. Ruwan rijiyar burtsatse da mutum zai sha bai ji komai ba yana iya zama da gishirin da zai taru cikin buhu a hankali har ya ƙone saiwa. Wajibi ne a kai ruwan ɗakin bincike a auna shi kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya. Bayan an fara aiki kuma akwai ƙananan ma'aunai biyu masu kama da alƙalami da ba a rabuwa da su. Ɗaya yana auna tsamin ruwa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, idan ya karkata wajen kanwa, shuka ba ta iya tsotsar ƙarfe, sabon ganye ya yi fari. Ɗayan yana auna kaurin takin da ke cikin ruwan. A lura kuma, takin buhu na gona bai isa ba, domin ba ya narkewa sarai, yana toshe tiyo, ba ya kuma ɗauke da dukan sinadarai 14. Takin rumfa iri biyu ne da ake jiƙa su a tankuna daban, ba a haɗa su sai an sirka da ruwa mai yawa. In an haɗa su da kauri sai su daskare su kwanta kamar alli. Ruwan rufin rumfar da kansa, idan aka tara shi da indararo, ya fi kowane ruwa tsabta.

Inda abin ya fi shafar mai doya

Nijeriya ce ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya, Nasarawa kuwa tana cikin jihohin da ke kan gaba. Kowane mai doya ya san ciwon da ke cikin sana'arsa: iri. Yakan ware har kusan sulusin abin da ya haƙa domin shukar baɗi, kuma cututtukan da ke cikin uwar doya suna bin irin shekara bayan shekara, amfani yana raguwa. A farkon shekarun 1980 Cibiyar Binciken Saiwoyi ta Ƙasa da ke Umudike tare da cibiyar IITA ta Ibadan suka fito da hanyar yanka doya ƙanana-ƙanana domin a ninka iri. Daga 2011 kuma IITA ta gudanar da wani shiri na inganta doya da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, inda aka raya doya marar cuta cikin akwatunan feshi a rumfar raga, saiwa na rataye a iska. Daga kowace shuka ana yanko reshe mai gaɓa ɗaya-ɗaya da yawa, a kafe su, su ba da ƙananan doya masu lafiya. A wajen 2016 cibiyar ta ɗauko wata hanya makamanciyar wannan domin ninka irin rogo cikin ƙananan akwatuna.

Ba a ce manomin Ashige ya gina akwatin feshi ba; wannan aikin cibiyoyi ne da kamfanonin iri masu wuta da ƙwararru. Rabonsa shi ne ya san irin nan yana nan, ya neme shi ta hannun malamin gona, ya duba shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, ya gwada shi a kunya kaɗan kusa da nasa na gado ya ga bambanci da idonsa. Haka ma dashen tumatir da attarugu: ƙaramar rumfar raga da farantan reno masu ramuka, wadda kuɗinta bai kusa na babbar rumfa ba, tana fitar da dashe lafiyayye cikin mako 3 zuwa 4. Ko a Kadawa, babbar rumfar da aka gina bayan annobar tsutsa ta renon dashe ce domin manoman fili. A ganinmu, ƙungiyar gama kai ta matasa ko ta mata da ke son shiga wannan sana'a ta nan ya fi dacewa ta fara, domin masu sayen dashe maƙwabta ne, kuma in an yi kuskure asarar mako huɗu ce, ba ta shekara ba.

Wani abin da ake tallatawa shi ne tsirar da masara ko dawa cikin faranti na kwana 7 domin dabbobi, ana cewa kilo ɗaya ya zama shida. Nauyin da ya ƙaru ruwa ne. Abincin da ke cikin hatsin bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu.

Masu kwangila da masu ba da shawara

Mutanen Lafiya ba baƙi ba ne ga ayyukan raya noma. Bayan na Funtuwa da Gusau da Gombe da suka fara a 1975, a 1977 aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Lafiya da rancen Bankin Duniya, lokacin yankin yana cikin Jihar Filato. Da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba 1996, aikin ya koma hannun hukumar raya aikin gona ta jihar, wadda ofishinta ke Lafiya. Darasin waɗannan shekaru shi ne kayan aiki ba su daɗewa idan babu mai zagayowa ya duba, babu kuma inda za a sayi abin gyara. Rumfa ta fi tarakta bukatar wannan, domin shukar cikin buhu ba ta da ajiyar kwana biyu.

Saboda haka, idan kamfani ya zo, kada a tsaya ga hoto. Gani ya kori ji: a nemi ya nuna rumfar da ya gina wadda ta yi shekara biyu tana aiki a wuri mai zafi irin namu, a je a gana da mai ita ba tare da ɗan kamfanin yana tsaye ba. A duba rajistarsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Kamfanin kirki shi zai fara tambayar ruwa da kasuwa; wanda ya fara da maganar kuɗin kafin alƙalami bai auna ruwa ba, a yi hattara da shi. Yarjejeniya ta zama a rubuce, ta faɗi kaurin leda da shekarun da aka lamunce mata, da irin ƙarfe, da wanda zai ɗauki asara idan iska ta yaye rufi a shekarar farko, da sau nawa malaminsu zai zo a wata har a gama girbin farko. A tambayi inda za a sami taki da iri da tiyo bayan na farko sun ƙare, da farashinsu na yau, domin yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuɗinsu yana bin canjin dala. Kada a biya duka a dunƙule; a biya kashi-kashi bisa aikin da aka gani. In an yi alkawarin sayen amfani, a rubuta farashi da ma'auni da wanda zai biya mota, da abin da za a yi da tumatirin da aka ce bai kai ba.

Akwai kuma masu cewa a kawo kuɗi kawai, su yi noman, a karɓi riba tabbatacciya kowane wata. A shekarun 2020 da 2021 mutane da yawa sun yi asarar dukiyarsu a irin waɗannan tsare-tsare na intanet, kuma a 2021 Hukumar Kula da Hannun Jari ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa masu tara kuɗin jama'a ta wannan hanya yin rajista. Noma ba ya lamunce wa kowa riba, ko a fili ko a rumfa.

Mai neman rance ya sani cewa tun 1978 akwai Asusun Lamunin Rancen Noma a ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya, wanda ke tsaya wa banki har kashi 75 cikin 100 na abin da aka kasa biya. Wannan kariya ce ga banki. Bashin yana nan a wuyan manomi. A kuma tuntuɓi Hukumar Inshorar Noma ta Nijeriya a ji abin da take karewa. Kasuwa ita ma a neme ta tun kafin shuka. Abuja tafiyar sa'o'i kaɗan ce ta Akwanga da Keffi, Makurɗi ta fi kusa, amma otal da manyan kantuna suna son mai kawowa kowane mako ba fashi, abin da rumfa ɗaya ba ta iyawa sai ƙungiya mai rumfuna da aka shuka bi da bi.

Shawara ta kyauta tana kusa: malaman gona na hukumar jiha, da Kwalejin Aikin Gona ta Lafiya, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu. Mai zuwa wurinsu ya tafi da kwalbar ruwan rijiyarsa lita ɗaya, wadda aka ɗauraye da ruwan kansa aka cika ta a ranar, da awon filin, da takardar da kamfani ya ba shi tun bai sa mata hannu ba.